Celtic da Rangers: wanda ya ɗauki tuta, ya ɗauki gabar da ke bayanta?

Ɗan Gunners:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wani hoto da yake ta yawo, na magoya bayan Celtic sun cika ɓangare guda na filinsu da tutar Falasɗinu. An ce ba haɗin kwamfuta ba ne. Turawa fa, a Sikotlan. Ni dai daga yau na yi kulob na biyu. Amma don Allah wa ya san abin da ya haɗa su da Falasɗinawa?

Mai Gidan Kallo:
Kulob na biyu a gasar mutum biyu? Bayan Aberdeen ta ci kofin gasar Sikotlan a 1985, an shafe shekara 40 babu mai ɗaga shi sai Celtic ko Rangers. Ko kyauta na saka wasansu, benci uku ba ya cika.

Kawu Na United:
Aberdeen ɗin ma ka tambaya wa ya ci musu. Ferguson ne, kafin ya zo mana.

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gunners, amsar tambayarka ba a filin ƙwallo take ba, a gonar dankali take. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta cinye dankalin turawa a Ayilan, shi ne kuwa abincin talakan ƙasar safe da dare. Lokacin Birtaniya ce ke mulkinsu, kuma jiragen ruwa ba su fasa fita da hatsi da dabbobi daga ƙasar ba alhali mutane na faɗuwa a hanya. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar miliyan ɗaya suka gudu. Mai ɗan hali ya hau jirgin Amurka. Wanda ba shi da kuɗin wannan tafiya ya tsallaka Liverpool ko Glasgow, don nan ne kusa.

Waɗanda suka sauka Glasgow akasarinsu 'yan Katolika ne, garin kuwa na Furotesta ne. Suka cunkushe a gabashin birni, aikin ƙarfi in an samu, yara ba abinci. To akwai wani malamin coci, hedimasta ne, ɗan yankin Sligo a Ayilan, ana ce masa Brother Walfrid. Ya ga yadda Hibernian, ƙungiyar 'yan Ayilan na Edinburgh da aka kafa tun 1875, take tara jama'a, har ta ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1887. Ranar 6 ga Nuwamba ta wannan shekarar ya tara mutane a ɗakin taro na cocin St Mary's da ke unguwar Calton, aka kafa Celtic don kuɗin ƙofa ya riƙa ciyar da yaran talakawa. Wasansu na farko a watan Mayun 1888 da Rangers suka buga shi, suka ci 5-2, kuma wasan sada zumunci ne na gaske, ba a san da wata gaba ba tukuna.

Batun Falasɗinu kuma, jikokin mutanen nan sun tashi da labarin an ƙwace ƙasar kakanninsu, an kawo baƙi an zaunar a kanta, daga baya an raba ta gida biyu a 1921. Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Arthur Balfour, mai takardar 1917 da ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu, shi ne Birtaniya ta ɗora a kan harkokin Ayilan daga 1887 zuwa 1891, kuma da mugun suna suka rabu da shi. Wasu daga cikin dakarun da suka gasa wa 'yan Ayilan aya a hannu a 1920, bayan an gama can Falasɗinu aka tura su aikin 'yan sanda. Saboda haka idan suka kalli Gaza, labarin gidansu suke gani.

Ɗan Gunners:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ka ga ni da ma zuciyata ta faɗa min mutanen kirki ne.

Masoyin Aribo:
A'a ɗan'uwa, kada ka yi saurin yanke hukunci. Malam ya kawo maka ɓangare ɗaya mai daɗin ji. Ka tambaye shi waƙoƙin da wasu daga cikin mutanen kirkin suke rerawa, musamman in sun je wasan waje. Yabon IRA suke yi, ƙungiyar 'yan bindigar da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ayilan ta Arewa, ta riƙa dasa bam a mashaya da kasuwa. Rikicin Ayilan ta Arewa ya ci mutum sama da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, kuma ba sojoji kaɗai ba ne. Ni Rangers nake kalla tun da Aribo da Balogun da Bassey suka je, kuma ban ga ƙaho a kan kowa ba.

Mai Gidan Kallo:
Daren da Aribo ya ci Frankfurt a wasan ƙarshe na Europa a 2022 kam na yi ciniki, ban ƙi gaskiya ba. Da aka je fenareti Ramsey ya ɓarar, wani ya karya min kujera.

Baƙon Glasgow:
Salamu alaikum. Wani ne ya turo min cewa ana maganar garinmu, bari in sa baki. A nan nake zaune, ina karatu ina kuma aiki a gidan kula da tsofaffi.

Abu na farko da abokan aiki suka koya min, kafin ma yadda ake hawan bas, shi ne ranar da za su haɗu kada in sa kore na Celtic kada in sa shuɗi na Rangers. Mashaya da yawa a tsakiyar gari sun manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da jesin kowace ƙungiya. Wasan ma galibi da tsakar rana ake sa shi, wajen sha biyu, don kada mutane su samu lokacin buguwa kafin a take ƙwallo. A wurin aikinmu akwai tsofaffi biyu da ba a zaunar da su gaban talabijin ɗaya ranar wasa. Ɗaya daga cikinsu mantuwa ta ci ƙarfinsa, 'yarsa in ta zo ba kullum yake gane ta ba, amma zai jero maka mutum goma sha ɗayan Celtic da suka ci Inter Milan a Lisbon a 1967, daga gola Simpson har Lennox, ba ya tsallake ko ɗaya. Ɗayan kuwa hoton Sarauniya ne a saman gadonsa, kuma bai yarda a shimfiɗa masa koren bargo ba.

Abin da nake so ku gane, yawancin masu wannan faɗa ba sa zuwa coci. Coci-coci nawa aka mayar wuraren shaƙatawa a garin nan. In mutum ya ce maka shi Katolika ne ko Furotesta ne, ba ibada yake nufi ba, gidan da ya fito yake faɗa maka. Dattawa sun ce min a da in ka je neman aiki ba za a tambaye ka addininka ba, sai a ce wace makaranta ka yi. Da ka ambaci makaranta mai sunan waliyyi an gama da kai.

Malam Mai Tarihi:
Madalla da ganau. Wannan batu na aiki shi ne ƙashin bayan maganar. Rangers an kafa ta tun 1872, wasu samari ne masu son wasa kawai, babu ruwansu da addini. Da Celtic ta fara lashe kofuna, sai 'yan gari suka shiga neman ƙungiyar da za ta taka wa baƙin nan birki, suka tattaru a bayan Rangers. A 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Belfast da ke Ayilan ta Arewa, Harland and Wolff, ya buɗe reshe a Govan, dab da Ibrox, filin Rangers, ma'aikata 'yan Furotesta suka biyo shi da zafin da suka taso da shi can. A 1923 babbar cocin Sikotlan da kanta ta fitar da rahoto tana kiran 'yan Ayilan barazana ga ƙasa, sai a 2002 ta nemi afuwa. A irin wannan iska ne Rangers ta ɗauki al'adar ƙin sayen ɗan Katolika. Ba a rubuta ta a takarda ba, amma ta yi shekaru kusan saba'in tana aiki.

Kawu Na United:
Malam ka taɓo inda nake jira. Ferguson ɗan Govan ne, Furotesta, ya tashi yana son Rangers, suka saye shi a 1967 kan fam dubu 65, kuɗi mafi tsoka tsakanin ƙungiyoyin ƙasar a lokacin. Matarsa Cathy 'yar Katolika ce. Shi da bakinsa ya ba da labarin wani daraktan kulob ɗin ya tare shi yana tambayar ko a cocin Katolika aka ɗaura auren. Ya ce a ofishin rajista ne, mutumin ya ce to shi ke nan. Har ya tsufa yana jin haushin bai zazzage mutumin ba. A 1969 Celtic ta yi musu 4-0 a wasan ƙarshe, aka ɗora masa laifin ƙwallon farko, daga nan bai ƙara buga wa babbar tawagar ba. Yaro, Masoyin Aribo, wannan ne kulob ɗin da kake karewa.

Masoyin Aribo:
Kawu, da girmanka, wannan zancen shekara hamsin da wani abu ne. Tun 1989 Souness ya karya abin da ya sayo Mo Johnston, ɗan Katolika. Bayan nan ɗan Italiya, Amoruso, ɗan Katolika, har kyaftin ya yi musu. Musulmi nawa suka saka jesin nan? Sadiq Umar namu na Kaduna ya je aro a 2018.

'Yar Kaduna:
Ya je dai, amma kada ka tuna mana yadda ta ƙare, ko kakar bai gama ba ya koma Roma. In Kaduna za a kira, a kira Efe Ambrose. Yana cikin waɗanda suka doke Barcelona mai Messi da Xavi da Iniesta 2-1 a Nuwambar 2012, daren da Wanyama ya ci da ka.

Mai Gidan Kallo:
Hajiya ki ƙarasa mana da wasan Juventus.

'Yar Kaduna:
Kai dai ba ka da kirki. Mutum ya ɗago kofin Afirka ranar Lahadi a Johannesburg, Talata aka jefa shi fili a Glasgow, me kake so ya yi? Laifin koci ne.

Amma ba wannan ya sa na shigo ba. Ina karanta ku kuna ta tarihi da tutoci, babu wanda ya ambaci waɗanda abin ke ƙarewa a kansu. 'Yan sandan yankin sun sha faɗa cewa ƙarar dukan mata a gida tana ƙaruwa ranar da ƙungiyoyin nan suka haɗu. Matar ba ta san Balfour ba, ba ta san dankali ba, miji ne kawai ya dawo a buge an ci su. A 1995 an yanka wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton yana dawowa daga kallon wasa, laifinsa kayan Celtic da ke jikinsa. Ƙawarsa ce daga baya ta kafa ƙungiyar Nil by Mouth mai yaƙi da wannan ƙiyayya. Neil Lennon, da yake kocin Celtic a 2011, bam aka aika masa ta gidan waya, kuma a shekarar wani ya tsallako fili ya kai masa duka a gidan Hearts. Mu da muka tashi a Kaduna mun san ƙarshen a tambayi mutum sunansa kafin a bar shi ya wuce. Shi ya sa in na ga ƙanena yana murnar ya samu ɓangare a faɗan wasu, gabana ke faɗuwa.

Ɗan Gunners:
Yaya, ni fa ba faɗa na shiga ba. Mutane sun tsaya wa waɗanda ake zalunta, na yaba. A 2016 da suka ɗaga tutocin a wasansu da Hapoel Be'er Sheva ta Isra'ila, UEFA ta ci kulob ɗin tara, su kuma suka buɗe asusu suka tara sama da fam dubu 170 suka ba ƙungiyar agajin lafiya ta Falasɗinawa da wata cibiyar yara a sansanin Aida na Baitalami. Wannan ba waƙa ba ce, kuɗi ne daga aljihun talaka. Wane kulob na Firimiya ne magoya bayansa suka yi haka?

Masoyin Aribo:
Magoya baya ka ce, ba kulob ba. Masu kulob ɗin a 2023 dakatar da Green Brigade, rukunin magoya bayan masu ɗaga tutocin, suka yi daga shiga fili. Kuma 'yan Isra'ila nawa Celtic ta saya? Berkovic, Bitton, Abada. Ambrose ɗin Hajiya ma daga Ashdod suka ɗauko shi.

Baƙon Glasgow:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma a nan ne abin yake da wuyar sha'ani. Na san 'yan Celtic da suka san tarihin Falasɗinu fiye da ni, suna fita zanga-zanga cikin ruwan sama da sanyin da ke huda ƙashi. Na kuma san waɗanda ba za su iya nuna maka Gaza a taswira ba. In ka je Belfast za ka ga unguwar 'yan Katolika da tutar Falasɗinu, ka sha kwana ka shiga ta Furotesta ka tarar da tutar Isra'ila a jikin falwaya, an shafe bakin titi da ja da fari da shuɗi. Wani tutar da ya riƙe ba don yana son masu ita ba ne, don maƙwabcinsa ya riƙe kishiyarta ne. Duk ƙarshen mako kuma jiragen ruwa na ɗebo su daga can zuwa tashar Cairnryan a Sikotlan, bas-bas na kwasarsu zuwa Glasgow, kowa da nasa.

A watan Yuli kuwa za ka ga 'yan Orange, wata ƙungiyar Furotesta, sun fito maci da ganguna da sarewa, suna bikin yaƙin Boyne na 1690, inda Sarki William ya ci Sarki James ɗan Katolika. Shekara ɗari uku da talatin da wani abu, amma gangar in ta zo wucewa ta gaban cocin Katolika sai 'yan sanda sun yi shinge.

Malam Mai Tarihi:
Sai dai ina da ja a kan a ce duk kanwar ja ce. Celtic ba ta taɓa rufe ƙofarta ga ɗan Furotesta ba. Jock Stein, kocin da ya kawo musu kofin Turai a 1967, karo na farko da wata ƙungiyar Birtaniya ta ci shi, Furotesta ne daga gidan masoya Rangers, kuma ya rasa abokai saboda ya je Celtic. Dalglish haka, McGrain haka, Gemmell da ya farke ƙwallon Inter haka. Ana danganta wa Stein cewa in an ba shi yara biyu masu iyawa ɗaya, ɗan Furotestan zai ɗauka, don ya san Rangers ba za ta taɓa ɗayan ba. Tun 1936 ma wani Musulmi daga Kalkata, Mohammed Salim, ya buga wa ƙaramar tawagarsu wasa biyu ba takalmi, an naɗe masa ƙafa da bandeji. Ɓangare ɗaya ya hana mutane aiki saboda asalinsu, ɗayan ya taru ne don an hana shi. Waƙar da wasu 'yan Rangers suka riƙa yi, cewa yunwa ta ƙare ku koma gida, kotun ƙasar ta yanke a 2009 cewa wariyar launin fata ce. Waƙoƙin IRA abin ƙyama ne, ban wanke su ba, amma mafarin abin ba ɗaya ba ne.

Masoyin Aribo:
Allah ya gafarta Malam, wanda aka kashe wa uba da bam ɗin IRA a garin Enniskillen ba zai tsaya tambayar mafari ba.

Malam Mai Tarihi:
Haka ne. Wannan ba ni da amsarsa.

Mai Gidan Kallo:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa muku abin da na hango. Gabar nan ita ce jarinsu. In ka cire ta me ya rage? Wa zai biya kuɗi ya kalli Celtic da Ross County? Fili mai cin mutum dubu 60 da mai cin dubu 50 a gari ɗaya, me ke cika su in ba tsoron kada maƙiyi ya ɗaga kofi ba?

Malam Mai Tarihi:
Kakanninsu sun riga ka hangowa. A 1909 suka yi canjaras sau biyu a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a filin Hampden, 'yan kallo suka zargi an haɗa baki ne don a buga na uku a ƙara kwasar kuɗin ƙofa. Magoya bayan ɓangarorin biyu suka haɗu suka ƙona rumfunan karɓar kuɗi, a shekarar ba a ba kowa kofin ba. A 1952 kuma hukumar ƙwallon ƙasar ta matsa wa Celtic ta sauke tutar Ayilan daga saman filinta ko a hukunta ta. Shugabanta Robert Kelly ya ce ba za ta sauka ba. Cikin waɗanda suka goya masa baya har da Rangers.

Kawu Na United:
To ai ko makaho ya san dalili. In an kori abokin cin kasuwa, da wa za a ci?

Baƙon Glasgow:
Kawu akwai wannan, amma ba kuɗi kaɗai ba ne. Ranar 2 ga Janairun 1971 mutum 66 suka mutu a turmutsitsi a matattakala ta 13 a Ibrox, ana fita bayan wasansu, da yawa yara ne. Stein da ma'aikatan Celtic suna cikin masu ɗaukar waɗanda suka jikkata. Tsohon nan mai hoton Sarauniya yana filin ranar. Duk zagin da yake yi wa Celtic, ban taɓa jin ya zagi Stein ba, in an ambace shi sai ya yi shiru ya gyaɗa kai.

Ɗan Gunners:
To yanzu ni ina zan tsaya? In saka jesin ko in bari?

'Yar Kaduna:
Saka abinka ƙanena, kore da fari ne, kowa zai ɗauka na Super Eagles ne. Waƙar da ba ka san ma'anarta ba ce dai kada ka kwaso daga TikTok ka zo kana yi mana.

Masoyin Aribo:
Ya saka mana, mu dai mun riga su kai kofi 55, a 2021, ba a doke mu ko sau ɗaya ba a gasar, Gerrard na koci. Muka hana su goma a jere da suka ƙwallafa rai a kai.

Malam Mai Tarihi:
Sun kamo ku a 2025. Kuma ɗan Celtic zai ce maka 55 ɗin na wa? Kamfanin Rangers ya durƙushe da bashi a 2012, aka rushe shi, wani ya sayi filin da kadarorin, aka fara daga rukuni na huɗu, sai 2016 aka dawo sama. A wurinsu sabon kulob ne, shi ya sa da yawansu ba sa yarda a ce Old Firm, tsohon laƙabin ƙungiyoyin biyu, yanzu, sai dai wasan hamayyar Glasgow.

Masoyin Aribo:
Kamfani ne ya mutu, ba kulob ba. Hukumar gasar tana lissafa kofunan duka. Mutum kusan dubu 50 suka riƙa shiga Ibrox kallon wasan rukuni na huɗu, su je su faɗa musu cewa sabon kulob suke bi.

Baƙon Glasgow:
Don Allah ku rufa min asiri da wannan. A wurin aiki an hana mu tayar da shi ko da wasa, don ranar da wani sabon ma'aikaci ya tambaya, sai da aka kira manaja daga gida.

Admin:
Jama'a an kusa kiran Isha. Masoyin Aribo da Malam, zancen sabon kulob ko tsoho ku buɗe masa nasa zaren gobe. Mai Gidan Kallo, ana tambaya ta bayan fage ko za ka saka wasansu na gaba.

Mai Gidan Kallo:
In mutum ashirin sun rubuta suna sun biya tun kafin ranar, zan tayar da janareto. Wanda ya karya kujera kuma shi zai saya.